Masu Neman Aurena Sun Biyo Tsohon Dogo

To, ku da kuka hana wayata sakat tun ranar Lahadi, "An bayar? Ba a bayar ba? Suwaiba ki yi magana mana!", ku samu wuri ku zauna. Sai yau na samu sukunin rubutu. Sababbin shigowa kuma sannunku da zuwa. Ni ce Suwaiba, 'yar unguwar Glenwood a nan birnin Greensboro, ina digiri na biyu a kan tsarin sufurin birane, kuma ba ni da mota. Lasisi ina da shi. Ƙi na yi.

Bari in faɗi dalili ko da kun gaji da ji, don ba za ku gane abin da ya faru ba sai da shi.

Maƙwabciyarmu Anti Perpetua, mutuniyar Kagoro, a wani katafaren sito take aiki a bakin babban titin Wendover. Tafiyar da mai mota zai gama kafin shayinsa ya huce, ita sai ta shiga bas zuwa tsakiyar gari, ta sauka, ta jira wata, ta sake sauka, sannan ta tsallaka titin nan mai faɗin kogi da ƙafa, motoci na wucewa fuu kamar an koro su. Ranar da na raka ta na ga yadda take rungume jakarta a ƙirji tana addu'a kafin ta taka kwalta, ranar na ɗauki abin a raina, har yau ban sauke ba. In ka yi wa mutanenmu maganar sai su ce, "Ai haka garin yake, ta daure ta sayi mota." Haka garin yake! Sai ka ce daga sama ya faɗo da titunansa. Mutane ne suka zauna suka zana shi haka, mutane kuma za su iya zana shi daban.

Ni abin da na zana shi ne monorel. Jirgi ne mai tafiya a kan dogo guda ɗaya, dogon kuma na kankare ne, a ɗage sama a kan ginshiƙai, jirgin ya haye shi ya rungume shi ta gefe biyu. A tsakiyar titi za a kafa ginshiƙan, ba sai an rushe gidan kowa ba, shi kuma ba ruwansa da danja balle cunkoso. Malamina ya ce abin na da tsada, garin a warwatse yake, ko sauya masa layi ma aiki ne ja. Na ce na sani, na karanta, amma ya zo in raka shi ya tsallaka Wendover sau ɗaya sannan mu ci gaba da muhawara. Bai zo ba. Mama kuwa da na nuna mata hoton, ɗaga tabarau ta yi ta ce, "Wannan ai ƙadangare ne a kan katanga." Tun daga nan sunansa a gidanmu jirgin ƙadangare.

Yanzu ku ji ikon Allah. Duk samarin garin nan, wanda zuciyata ta kama dillalin motoci ne.

Tassiou sunansa, ɗan Damagaram, dogo siriri mai wushirya, filin motocinsa a kan Wendover ɗin nan dai da nake yaƙi da ita. Babban laifinsa a wurina ba ya fushi. Ka yi ta zuba masa wuta, shi yana murmushi kamar wanda ake wa fifita. Yana ce min Injiniya, ina ce masa Sarkin Hayaƙi.

Wata rana a farkon bazara, lokacin da itatuwa ke zubar da ƙurar furen nan rawaya da ke lulluɓe komai, na biya ta filinsa daga makaranta. Na samu gilashin wata mota ya yi butu-butu, na sa yatsa na fara zana masa layin jirgina.

"Ka ga, ya biyo Wendover, ya ratsa tsakiyar gari, ya yi arewa. Daga inda bas take juyawa akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, an cire dogon an bar wa masu tafiya a ƙasa da 'yan keke. Ta ƙetare tafki, ta shiga garin Summerfield, ta bi ta bayan gidan Baffa Garzali. Nan ce tashar ƙarshe. Kana ji na kuwa?"

"Ina ji, Injiniya." Yana can yana goge madubin wata motar.

"Me na ce?"

"Kin ce in sake wanke gilashin nan."

Na ji kamar in jefe shi da takalmi. Shi kuwa ya nuna wata ja a gefe ya ce, "In Allah ya sa an ba ni ke, waccan taki ce."

"Tassiou, ka taɓa shiga bas a garin nan?"

"Allah ya rufa min asiri."

"To ka ji da kyau. Duk ranar da manyanka za su zo neman aurena, a bas za su zo. In suka zo a mota, su juya."

"Dakor," in ji shi, da Faransancinsu na 'yan Nijar, wato ya yarda.

Ku yi min adalci, jama'a. A raina gidanmu na Glenwood nake gani, inda bas ke tsayawa a kusurwar layinmu. Kuma magana ce ta zafin rai, kafin in isa gida na manta da ita. Abin da ban lissafa ba shi ne al'adarmu. Uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ɗan uwansa ne ke bayarwa. Da magana ta kankama bayan watanni, Abba cewa ya yi, "Ku je wurin Yaya." Yaya kuwa shi ne Baffa Garzali, wanda ke zaune a Summerfield cikin masu gonakin dawaki, inda bas ba ta zuwa.

Baffa tsohon mai harhaɗa magunguna ne, kuma har rayuwa auna ta yake yi. A falonsa akwai agogo mai kiran sallah, da shi yake shari'a da kowa. Da farko ma bai yi na'am ba. "Mai sayar da tsofaffin motoci? Yarinya tana digiri na biyu?" Da ƙyar Abba ya shawo kansa ya ce zai saurare su, amma ya kafa nasa: "Lahadi bayan Azahar. Litinin zan tashi Kano, ba zan dawo ba sai bayan Babbar Sallah. In agogon nan ya kira La'asar ban gan su ba, na san ba da gaske suke ba, kada kuma a sake kawo min maganar."

Ranar Lahadi tun da hantsi muna gidan. Kada ku tambaye ni a me na je. To, a motar Confidence, aminiyata 'yar Jos, nas ce, kuma tun daga Glenwood har ƙofar Baffa take min waƙar "Hajiya mai bas a gidan gaba." Na sa atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga da aka aiko min daga Kano, mayafi ruwan madara, jan lalle a yatsu kawai don kada a ce na zaƙe. Mama ta sha leshi ruwan goro da ɗauri mai hawa biyu. Ita da Anti Bebi, matar Baffa, sun mamaye kicin, waina na tashi a tanda, miyar taushe na tafasa, ga dambun nama, ga zoɓo da kunun aya a firji, turaren wuta ya cika gidan har ƙararrawar hayaƙi ta yi ihu, Confidence ta hau kujera tana yi mata fifita da faifai. Ni aka ce in hau sama in zauna a ɗakin baƙi, wai kada a ga fuskata.

Ana idar da Azahar wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Tassiou.

Dattawa uku a tsaye a bakin titi, ƙarƙashin ɗan allon tashar bas. A tsakiya Elhadj Maazou, ƙanin mahaifinsa, babban mai shigo da kaya, cikin babbar riga fara ta shadda mai aiki har gwiwa. A damansa Malam Ousseini da carbi, a hagunsa Elhadj Alassane mai ciwon gwiwa ya dogara da sanda. A gabansu huhun goro, katan ɗin dabino da na alawa. Ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Ta farko ta wuce mu muna tsallaka titi. Muna jiran ta biyu."

Sai da na karanta sau uku. Na rubuta:

"Wace ta biyu?? Ina motocinku?"

"A gida. Kin ce a bas."

"Tassiou WASA nake yi!"

"Ba ki yi dariya ba ranar."

"Me ka faɗa wa Elhadj?"

"Na ce gidan su yarinya sun gindaya sharaɗi."

"NI na faɗa, ba gidanmu ba!"

"Ke ba 'yar gidan ba ce?"

Na kira shi. Ya ɗauka yana raɗa, ina jin ƙugin motoci a bayansa.

"Ka san bas ba ta zuwa Summerfield?"

"Na sani."

"Ka san yau Lahadi, sai a daɗe wata ba ta zo ba?"

"Yanzu na sani."

"Ka kira tasi yanzun nan. Na janye. Na yafe. Ka ji? Na janye!"

Sai na ji wata murya mai kauri a kusa. "Da yarinyar kake magana? Ranar neman aure? Kai ba ka da kunya? Kawo nan." Ƙit, layin ya mutu. Elhadj Maazou ya karɓe wayar.

'Yan uwa, baki shi ke yanka wuya, ranar na ga inda aka samo karin maganar. Na zauna a bakin gado ina jin tashin muryar Baffa daga ƙasa yana tambayar Anti Bebi ko an ga wata mota ta shigo layin. Baffa bai san da wani sharaɗi ba. Mama ma ba ta sani ba. In suka makara, magana ta mutu. In suka iso suka faɗi dalilin makarar, ni ce yarinyar da ta sa dattawa uku gantali a titi da sunan gidan ubanta.

Na leƙa na yafito Confidence. Da na nuna mata hoton sai ta zame ƙasa ta toshe baki da mayafina, kafaɗunta na girgiza.

"Ki daina, don Allah! Ki je inda bas take juyawa ki kwaso su."

"Suwaiba, ke fa annoba ce. Baba mai sanda fa! Kai, Yesu." Ta share hawaye, ta ɗauki makulli. "In Mama ta tambaya, ƙanƙara na je saye."

Bayan fitarta na sauko na laɓe a matakala. Baffa na zaune a kujerarsa cikin shadda ruwan toka, hula zanna, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tare da abokansa biyu da ya gayyato su shaida. Kallon agogon kawai yake, ya kalli taga, ya koma kan agogon. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Wataƙila cunkoso ne, Alhaji."

"Ranar Lahadi?" in ji Baffa. "Mutumin da sana'arsa mota, a ce mota ta makarar da shi?"

A kicin Mama na juya wainar da ta riga ta huce tana cewa, "Ni dai na san 'yan Nijar da cika alkawari. Lafiya dai." Na koma sama na yi alwala, na yi nafila, na roƙi Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, wato ya sa dattawan nan su shiga mota.

Can sai ga kiran Confidence.

"Kin same su?"

"Na same su, suna saukowa ke nan. Na durƙusa har ƙasa, na ce Baba ga mota, amarya ta ce ta janye."

"Sai me?"

"Sai babban ya ce, ''Yata, sharaɗi ba a hannun yara yake ba. Gida ya faɗa, gida ya ji.' Ya ba ni goro biyu, ya sa min albarka, ya ce in gaida mutanen Jos."

"Na shiga uku. To yanzu suna ina?"

"Shi ne abin. Mutuminki ya ɗora huhun goro a ka, ya ce su biyo shi. Sun sauka daga titi, sun shige cikin itatuwa ta wata 'yar siririyar kwalta, inda Turawan nan ke gudu da karnuka. Suwaiba, daji fa suka shiga da babbar riga!"

Na miƙe tsaye da wayar a kunne. Idanuna suka ciko da ƙwalla.

"Suwaiba? Kina nan?"

"Tsohon dogo ne," na ce. "Confidence, layina ne. Ashe yana ji."

"Yana jin me?"

Na kashe wayar. Na bar tagar gaba da kowa ke kallo, na koma ta baya, wadda ke kallon ciyawar Baffa, da shingen maƙwabcinsa mai dawaki, da itatuwan da kaka ta mayar ja da rawaya. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna, na bi ta a keke ba adadi ina auna inda ginshiƙai za su zauna. Na kuma san tsawonta, na san gwiwar Elhadj Alassane. Rana ta fara karkata. Na riƙe labule ina cewa, ya Allah, ka riƙe agogon Baffa, ko batirinsa ne ya mutu.

Bai mutu ba. Daga ƙasa na ji Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Bebi, a kawo mana abincin mu ci. Ba a wulaƙanta waina saboda wanda bai san darajar lokaci ba." Na ji ƙarar buta, yana shirin alwalar La'asar.

A daidai nan dawakin maƙwabci suka ɗago kai gaba ɗaya suka kalli itatuwa.

Farin abu na fara gani yana motsi tsakanin ganye. Sannan suka fito fili. Hanyar ta bi ta kan wani ɗan tudu a wurin, ga ta siririya, don haka a jere suke, ɗaya bayan ɗaya. Tassiou a gaba, huhun goro a ka, kaftaninsa ya jiƙe sharkaf. Elhadj Maazou a bayansa, ya naɗe hannayen babbar riga a kafaɗa, takalmansa masu ƙyalli a hannu, yana tafe da safa. Malam Ousseini da katan a kowace hammata, carbi a wuya. Elhadj Alassane a ƙarshe, sanda a hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe bayan rigar Malam Ousseini. Tafe suke a hankali, ba mai wuce wani, ba mai tsayawa.

Ta tagar kicin da ke ƙarƙashina na ji Mama ta saki ludayi.

"La'ilaha illallahu. Bebi, zo ki gani. Ga jirgin ƙadangaren Suwaiba nan a kan katanga!"

Ƙafarsu na taɓa ciyawar Baffa, agogon falo ya ce Allahu Akbar.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na tsaya a bayan labulen da ya raba kicin da falo. Baffa ya buɗe ƙofar baya da buta a hannu, ya tsaya yana kallon baƙinsa, ganye a kan hulunansu, ƙaya a gefen rigunansu. Tassiou ya sauke huhun a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja da baya can gindin wata bishiya, don ango ba ya shiga inda ake neman masa aure.

"Salamu alaikum," in ji Elhadj Maazou yana haki. "Mun samu La'asar?"

"Wa alaikumus salam. Alhaji, ina motarku? Me ya fito da ku ta daji?"

"Bon," ya ce, wato "to" da Faransanci. "Gidanku ya ce kada mu zo a mota, a bas za mu zo. Mun shiga bas har inda ta ƙare. Da ta ƙare, ba mu ga dalilin karya maganar gidan mutunci ba, muka ƙarasa da wadda Allah ya ba mu." Ya nuna ƙafafunsa.

Ko dawakin ba su motsa ba. Na ga bayan wuyan Baffa ya ɗaure. A hankali ya juyo ya kalli labulen da nake bayansa, wallahi kamar yana ganina ta cikin yadin. Mama ta damƙi hannuna ta murɗa, ta raɗa min, "Ke ce ko? Ke ce!" Kalma ɗaya ta rage Baffa ya faɗa, ya ce gidansa bai san wannan zance ba, shi ke nan, dattawa sun sha wuya a banza, mu mun sha kunya, magana ta watse.

Baffa ya ajiye butar. Ya gyara hularsa.

"Haka ne," ya ce. "Sharaɗinmu ne. Bismillah, ku shigo, mu yi sallah."

Na sulale ƙasa a bayan labule.

Bayan sallah, kafin a buɗe huhu, sai na ji an ɗaga murya. "Suwaiba!"

"Na'am, Baffa."

"Ruwan ɗumi da gishiri, roba uku. Da hannunki."

Na ja mayafi har hanci, na kai robobin ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa gaban kowane dattijo, idona a kan kafet. Elhadj Alassane ya tsoma ƙafa ya ce "Wash, alhamdulillah," da irin muryar da ta sa abokan Baffa dariya. Zan miƙe Elhadj Maazou ya ce, "Tsaya, 'yata. Ke ce mai jirgin?"

"Ni ce, Baba."

"Na fi shekara ashirin a garin nan, kullum ina bin Wendover, ban taɓa sanin faɗinta ba sai yau. Muna tsakiya danja ta saki. Malam Ousseini ya karanta abin da bai karanta ba tun yana makarantar allo." Malam Ousseini ya gyaɗa kai da gaske. "A cikin bas na zauna kusa da wata baiwar Allah da 'ya'ya biyu da kayan wanki, ta ce kullum haka take yi. Kullum! To duk ranar da za ki je gaban hukumar gari da maganar jirgin nan, ki aiko min. Zan sa wannan rigar in zauna a layin gaba."

Jama'a, shekara biyu ina rubuta wa mutanenmu saƙo a kan su zo taron sauraron ra'ayi, ba wanda ya taɓa zuwa sai Confidence, ita ma don na yi mata alkawarin shawarma. Na ce "Na gode, Baba," na gudu bayan labule.

Daga nan na ji sauran. Elhadj Maazou ya gabatar da buƙata, ya ce ɗansu ya ga 'yar gidan nan yana so. Baffa, wanda watanni yake cewa mai tsofaffin motoci, ya yi gyaran murya ya ce, "Ni na aurar da 'ya'ya, na ga masu zuwa da jerin motoci har layi ya toshe. Ban taɓa ganin waɗanda suka tako da ƙafa ba. Wanda manyansa suka yi wa 'yarmu haka, ba a mayar da shi hannu wofi. Mun ba ku."

Anti Bebi ta rangaɗa guɗa har ƙararrawar hayaƙi ta sake amsawa. Confidence, da ta dawo da ƙanƙarar gaske don kare kanta, ta rungume ni muna tsalle, Mama na kuka tana dukan kafaɗata tana cewa "Ja'ira, ja'ira, Allah ya yi miki albarka, ja'ira." Aka yi Fatiha, aka fasa goro. Na leƙa taga, ga Sarkin Hayaƙi can gindin bishiya an mayar masa da wayarsa, yana cin wainar da Anti Bebi ta aika masa. Tawa ta yi ƙara.

"Injiniya. Tasharki ta ƙarshe tana da kyau. Saura jirgin."

"Ka ce gilashi kawai ka ji."

"Na wanke gilashin. Ban wanke kunnena ba."

Ina cikin murmushin nan da ba zan iya kwatanta muku ba, sai na ji Elhadj Maazou ya sake cewa "Bon" a falo. Na riga na gane duk lokacin da ya ce haka, wani abu na tafe.

"Alhaji Garzali, tunda gidanku ya gindaya mana sharaɗi mun cika, mu ma muna da namu guda ɗaya."

"Muna ji."

"Ranar kai amarya, a bas za a kawo mana ita. Ita da ƙawayenta da iyayenta mata da kayan gararta. Gidan ango yana can ƙetaren Wendover. Yadda muka tsallako, haka za a tsallaka mana da ita."

Ko numfashi Baffa bai ja ba. Har wani daɗi na ji a muryarsa.

"Mun karɓa."

Ni dai, Allah ya sani, dariya ce ta kama ni, don har na hango bas cike da leshi da guɗa, alkaki da nakiya a kan cinyoyi, Anti Perpetua a gaba tana nuna wa kowa inda ake tsallakawa, duk garin na kallo. Wace zanga-zanga ce ta kai wannan? Na juyo in gaya wa Mama.

Mama ba dariya take ba. Matar da tun ina sakandare take lissafa motocin da za su raka ni, ta riga ta gaya wa ƙawayenta na garuruwan Raleigh da Charlotte kowacce ta wanke tata, tana tsaye a tsakiyar kicin, hannu ɗaya a kan ɗaurinta mai hawa biyu. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta cire tabarau, ta ninke shi a hankali.

"Suwaibatu," ta ce, kuma rabon da ta kira ni da cikakken sunana tun ranar da na mayar da motar da Abba ya saya min. "Rufe ƙofar nan. Zo ki gaya min wace bas ce za ta ɗauki ɗaurina."